Gyara

Ofishinmu teburin guga ne
a ɗakin Inna, Unguwar Dosa.
Ni ce edita, ni ce 'yar aike,
ni ce mai lallashin mai shagon caji
ya ɗaga min ƙafa zuwa Juma'a.
Didam ke ɗaukar hoto
da wayar da gilashinta ya dare gida uku,
sai ya ƙanƙance ido yake gane wa ya ɗauka.

Bakin Layi muka raɗa mata.
Ba ta da takarda,
ba wanda zai ƙunshe ƙosai da ita.

Mun rubuta kwalbatin da ya rufta a bayan makaranta,
da famfon da ya shekara yana tari ba ruwa,
da kwandon tumatir a kasuwar Kawo
da ya fi ƙarfin mai albashi.
Masu karatu arba'in da ɗaya.
Ɗayar Inna ce. Ba ta yi boko ba,
buɗewa kawai take yi don lambar ta motsa.

Malam a aji ya ce: wa, me, ina, yaushe.
Bai faɗa mana yadda data ke yankewa
labari na tsaka da hawa ba,
ko kansilan da zai ce ki dawo Litinin
har Litinin ɗin su cika tara.

Ran Laraba yara suka buga wasan ƙarshe
a filin Badarawa, cikin taɓo.
Gobe jarrabawa gare ni.
Ƙarfe ɗayan dare, ido ɗaya kan littafi,
na rubuta cewa Nafi'u ya ci ƙwallon,
na tura, na kwanta.

Da safe aka yi sallama.
Mai faci ne na bakin titi, Malam Tanimu,
hannunsa baƙi ƙirin da gam.
Bai ɗaga murya ba.
Ya ce, "'Yata, an karanta min.
Shu'aibuna ne ya ci, da ƙafar hagu.
Yaron nan bai taɓa shiga jarida ba,
yau ya shiga, amma da rigar wani."

Har ta zo min baki:
Baba, mutum arba'in ne fa kawai.
Na haɗiye ta. Ta tsaya min a wuya
har na fito daga ɗakin jarrabawa.

Da la'asar na same su a rumfa.
Aka kifa min taya na zauna.
Yaron na duba tayar Keke a kwanon ruwa,
yana neman inda kumfa ke fita.
Na ce faɗa min sunanka harafi-harafi.
Bai ɗago ba. Ya ce,
"Akwai ɗan wakafi a sama, bayan u.
Kowa mantawa yake."

Layi uku na rubuta:
Mun yi kuskure.
Shu'aibu Tanimu ne ya ci, minti na saba'in da takwas.
Muna ba shi haƙuri, da Nafi'u da ya sha yabon banza.

Kafin isha mutum ɗari uku da shida.
Uban ya sa an tura Zariya wurin gwaggo,
an tura wa ƙaninsa direban tirela a Legas.
Ba mu taɓa ganin irin wannan kasuwa ba,
kuma hajar kuskurena ce.

Kwalbatin na nan a rufte.
Famfon bai daina tari ba.
Jarrabawar, da kyar na sha.

Yanzu Didam ya kira, yana haki:
taransifoma ta kama da wuta a Kurmin Mashi,
wani tsoho ya ga farkon abin.
Na ari ɗari biyar a gefen zanin Inna,
na tare Keke.
Kafin in tambaye shi me ya gani
sai na buɗe biro na ce,
Baba, yaya ake rubuta sunanka?